Sandunan dogarawa na gwiwar hannu: yadda na same su bayan aikin kwatangwalo

Ciwon da ya haɗa ni da sandunan nan shi ne mutuwar kan ƙashin cinya, wato dunƙulallen kan da ke juyawa cikin kwatangwalo. Idan jini ya daina isa wurin, ƙashin sai ya mutu a hankali, in aka bar shi ya lotsa. Jinina SC ne, wato wani nau'in sikila, kuma masu sikila na cikin waɗanda abin ya fi kamawa, haka masu daɗewa kan ƙwayoyi irin su dexamethasone, wanda wasu ke sha don ƙiba. Ni a matsematsi ya fara min, ina dawowa daga ƙwallo a Pantami ina ɗingishi. Hoton ƙashi na farko bai nuna komai ba, sai da aka yi MRI, wato hoton da ke nuna cikin jiki dalla-dalla. Likita ya huda ƙashin don rage matsi a ciki, ya ce kada in ɗora wa ƙafar nauyi sai ya ba da izini.

Da farko sandunan hammata na katako aka aro min. Ba su yi min ba. Hammata ta yi tsami, yatsuna suka riƙa mutuwa, domin akwai jijiyoyi a wurin da sandar ke dannewa. Sai na sayi na alminiyam masu zobe a ƙasan gwiwar hannu, a wani shagon kayan asibiti a nan Gombe.

Ba su da nauyi, suna shiga keke Napep ba tare da an yi ta rigima da fasinja ba, kuma zoben yana riƙe sandar idan na saki mariƙi don in gaisa ko in buɗe ƙofa. Amma amfaninsu bai fito ba sai da ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi ta daidaita min tsawonsu. Ta tsayar da ni, hannuwa a sake, ta kawo mariƙin daidai wuyan hannu. Ta ce, "Malam, in za ka hau bene, ƙafa mai lafiya ce gaba. In za ka sauko, sanduna da mai ciwo su fara." Wannan magana ta fi min kuɗin sandunan daraja.

Inda suka gaza shi ne robar gindi. Tsakuwar layinmu ta cinye ta da wuri, har ƙarfe ya leƙo. A jiƙaƙƙen tayil na wurin alwala kuwa santsi take yi, kuma ga wanda aka yi wa aiki faɗuwa ɗaya ta isa ta mayar da hannun agogo baya. Ku sayi robar canji tun ranar farko, ku riƙa juya sandar kuna dubawa. Tafin hannu ma yana yin kanta. Tsohuwar safa na naɗa wa mariƙin.

Abin da ya fi damuna shi ne samarin da nake gani a layin asibiti sun ajiye sanda ɗaya suna tafiya da ɗaya, wai kunyar a ce musu guragu. Sanda ɗaya ba ta ɗauke nauyin da biyu ke ɗaukewa. Su kansu biyun ba magani ba ne, ba sa dawo da jini cikin ƙashi. Kariya ce kawai kafin wurin aikin ya yi ƙwari. Idan kan ƙashin ya lotsa, maganar ta koma ta sauya kwatangwalo gaba ɗaya, aikin da mutanenmu da yawa ke tafiya har Asibitin Ƙashi na Dala a Kano dominsa.

Zan sake sayensu, amma da robobin canji a aljihu.