Jos, Yankari ko Geji: ina za a kai yara su ga sawun mutanen da?

Tun da aka ba da hutu 'yar autata ta sa ni gaba da tambaya: "Baba, kafin a yi garin Bauchi su wa ke nan?" Na ce mata Malam Yakubu ne ya kafa garin wajen 1809. Ta ce, "To, kafin shi fa?" Nan na ga magana ta fi ƙarfin tabarma, sai an fita. Na auna wurare uku da mota za ta kai mu daga Bauchi.

Tun farko kada kowa ya sa ran ganin ƙasusuwa irin na Lucy, wadda aka tono a Habasha a 1974 aka ce ta kai shekara miliyan 3.2. Tana can Adis Ababa. Abin da muke da shi kusa aikin hannun mutanen da ne, kuma ya isa kallo.

Idan ilimin ake so, Jos ce kan gaba. Tafiyar kilomita kusan 130 ce ta Toro, a tashi bayan asuba a dawo kafin magariba. Gidan tarihin nan Bature masanin kayan tarihi Bernard Fagg ne ya kafa shi a 1952, kuma can ake ganin kawunan Nok, wato kawunan mutum-mutumi da mutanen da suka ƙera, waɗanda masu haƙar kuza suka fara cin karo da su a 1928. Gasasshen yumɓu ne da ya haura shekara 2,000. A tsaya da yaro gaban guda ɗaya, kada a yi ta wucewa kamar ana kasuwa. Ido mai kusurwa uku, huda a tsakiyarsa, huda a hanci, ga kitso an zauna an tsara shi kamar jiya aka tashi daga gaban makitsiya. Da na ba Hajiya labari cewa ta yi, "Gumaka za ka kai mini jikoki kallo?" Na ce, "Hajiya, tukwane ne masu fuska, ba wanda zai rusuna musu." Ta yi dariya ta ce a dai riƙe musu rigar sanyi. Idan ƙananan sun gaji, gidan namun daji na nan gefe, ga kuma filin gine-ginen gargajiya inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Zariya.

Yankari ta fi daɗi, ta kuma fi cin aljihu, don gaskiya wurin kwana ne. Ana ratsewa daga titin Gombe a Dindima, a shiga ta ƙofar Mainamaji, sannan a yi tafiya mai ɗan nisa kafin sansanin Wikki. Akwai kogwannin Marshall guda 59 da aka sassaƙa a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey, da kufan masu narka ƙarfe. Sai dai zuwa wurinsu na buƙatar jagora da mota mai ƙarfi, kuma da rani ya fi. Matsalar ita ce ruwan Wikki: ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, yaron da ya shiga ba ya ƙara tambayar mutanen da. A fara da kogwannin, wanka ya biyo baya. A kuma kula da gwaggon biri. A gabana wani ya fizge ledar burodi daga hannun wata baiwar Allah, ya hau kan mota ya zauna yana ci yana kallonta.

Zanen duwatsun Geji, a ƙaramar hukumar Toro, shi ne mafi araha: shanu da namun dawa da mutane a jikin dutse, a inda masu zanen suka bar su. Amma akwai tafiyar ƙasa, sai kuma an nemi ɗan gari ya raka. Samari da 'yan sakandare zai yi musu, mai goyo kam ta haƙura.

Kushewar Abubakar Tafawa Ɓalewa na cikin gari ga wanda yammaci ɗaya kawai yake da shi, amma tarihin jiya-jiya ne, ba zai amsa tambayar auta ba.

Mu dai Jos muka tsayar ranar Asabar. Man mota ne na zuwa da dawowa, sai kuɗin shiga, Maman yara kuma ta ce za ta soya dankali da ƙwai mu tafi da shi a kula. Yankari mun ajiye ta sai hutun Disamba, lokacin ciyawa ta bushe.