Kafin Ka Sayi Gishirin Tankin Murjani, Auna Ruwan Da Ke Ciki

Mai kiwon murjani, wannan halittar teku da ake raino a tankin ruwan gishiri, yakan ɗauki canjin ruwa tamkar shara: a kwashe datti, a zuba mai tsabta. Amma sabon ruwan ba hannu rabbana yake shigowa ba. Yana tafe da nasa kalsiyam, da magniziyam, da alkaliniti (ƙarfin ruwa na hana kansa yin tsami), kuma duk wannan ya dogara ne ga bokitin gishirin da ka zaɓa.

Canjin ruwa sirki ne, lissafinsa kuma ba wuya. Idan naitiret ɗinka (dattin da ke taruwa a ruwa) yana 20 ppm (kashi 20 cikin miliyan), ka canza kashi 10 cikin 100, 18 zai koma. Haka abin yake idan sama za a yi. A ce alkalinitin tankinka yana kan 8 dKH (ma'auninsa ke nan), sabon ruwan kuma 12. Canjin kashi 20 zai kai ka 8.8, canjin rabi kuwa zai cilla ka 10 cikin 'yan mintuna. Na taɓa yin wannan canjin rabin da gishirin da ban auna ba, ina gaggawar sauke naitiret. Bayan 'yan kwanaki kawunan rassan murjanina irin Acropora suka yi fari fat, kamar an kankare su da wuƙa. Har yau abin yana yi mini ciwo, don watanni na yi ina rainonsu.

Shi ya sa nake raba gishirin kasuwa gida biyu. Akwai masu bin ruwan teku sau da ƙafa, alkalinitinsu tsakanin 7 da 8 dKH, irin su Tropic Marin Pro-Reef da Red Sea mai shuɗin bokiti. Akwai kuma waɗanda aka ƙara wa ƙarfi da gangan, kamar Red Sea Coral Pro da ke kaiwa wajen 12. Babu na banza a cikinsu. Mai ƙarfin yana da amfani ga wanda ba ya ɗura wa tanki sinadarai kullum, yana da murjani masu laushi ko 'yan kaɗan masu ƙashi, canjin mako-mako ne ke mayar masa da abin da suka ci. Amma idan kana ɗura kalsiyam da alkaliniti kullum, ka riƙe tanki a 8, kuma naitiret da fosfet (shi ma dattin ruwa ne) sun yi ƙasa sosai, to ɗauki wanda ya yi daidai da lambarka. A ganina yawancin masu murjani mai rassa nan ya kamata su tsaya. Kada kuma ka sa ran gishiri, komai ƙarfinsa, zai ciyar da tankin da ya cika da murjani masu girma. Abin da suke sha a kwana bakwai ya fi ƙarfin canjin kashi 10.

Kalsiyam wajen 420 ppm da magniziyam wajen 1,300 su ne ake nema, kuma yawancin gishirin kirki ba sa nisa da nan.

Ruwan da za ka dama gishirin da shi fa? Idan kuɗinka na abu ɗaya ne, na'urar tace ruwa ta RO/DI ta riga gishiri mai tsada. Ruwan famfo yana iya ɗauko fosfet, da silika, da jan ƙarfe daga bututu, ga kilorin. Maganin kashe kilorin ba ya cire sauran, sai ka ga gansakuka mai ruwan ƙasa ta lulluɓe yashi kana ta canza ruwa a banza. Sayen tataccen ruwa a jarka yana yi wa ƙaramin tanki, muddin kana da 'yar na'urar TDS mai auna abin da ya narke a ruwa, ka ga sifili da idonka. Ruwan teku na ainihi ma ana amfani da shi, sai dai na gaɓa yakan sirku da ruwan sama da na magudanai.

Wajen auna yawan gishirin da ke cikin ruwa, na'urar haidiromita mai allura tana da araha, amma kumfa ɗaya ta maƙale a allurar ta isa ta yi maka ƙarya. Rifraktomita, mai aunawa da haske, ta fi, da sharaɗin ka haɗa da kwalbar ruwan saita ta mai 35 ppt (gishiri kashi 35 cikin dubu), wato nauyi 1.026 idan aka gwada da zallan ruwa.

Da ka buɗe sabon bokiti, jujjuya busasshen gishirin tukuna, don ƙwayoyinsa kan rarrabu a hanya. Zuba gishiri cikin ruwa, ba ruwa kan gishiri ba, ka bar injin juya ruwa ya gauraya har ya washe, ɗuminsa ya zo daidai da na tanki, wajen digiri 25. Sannan ka auna alkalinitinsa, ka rubuta lambar a murfin, ka rufe gam kada laima ta dunƙule shi.