Wata uku ina lissafa ruwan lambun Kawu da CROPWAT

Kawuna yana noman latas da kabeji a Dzorwulu, cikin birnin Accra, ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, tun kafin a haife ni. Ni kuwa ɗan Nima ne da bai taɓa riƙe fartanya da kyau ba, sai dai kwamfuta. Abin da ya kai ni ga CROPWAT, manhajar kyauta ta hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, shi ne ciwon bayan Kawu. Kullum yana jigilar bokitin ban ruwa mai lita 15, ɗaya a kowane hannu, safe da yamma.

Aikinta ba wuya. Za ka ba ta zafin rana da sanyin dare, danshin iska, ƙarfin iska, sa'o'in hasken rana da ruwan sama. Ni na ɗauko na Accra daga CLIMWAT, rumbun bayanan yanayi na FAO. Da dabarar Penman-Monteith take fitar da yawan ruwan da ƙasa da ganye ke rasawa a yini, sannan ta ninka da adadin da aka ware wa kowace shuka. Latas ƙarami 0.7 ne, idan ya cika ganye ya koma 1.

Inda na fi jin daɗinta shi ne milimita ɗaya daidai take da lita ɗaya a kan murabba'in mita. Fangalin Kawu murabba'in mita 12 ne. A watan Janairu lissafi ya ba ni milimita huɗu da ɗoriya, wato lita hamsin da wani abu, bokiti huɗu bai cika ba. Kawu kuma shida yake zubawa.

Da na nuna masa, ya tsuguna ya soka yatsa a ƙasa, ya murza, ya ce, "Ɗan nan, kwamfutarka ta san ƙasar nan rairayi ce?" Gaskiyarsa. Ni ne na zaɓi ƙasa mai riƙe ruwa ban kula ba. Da na gyara, jimillar ba ta wani sauya ba, sai dai ta nuna a riƙa bayarwa kaɗan-kaɗan, a kai a kai.

Muka gwada a fangali biyar, kowanne bokiti biyu da asuba, biyu bayan la'asar. Latas bai yi yaushi ba, sai a mako guda da hunturu ya buso da ƙura. Alƙaluman matsakaicin shekaru ne, ba su san iskar yau ba, don haka muka ƙara bokiti ɗaya.

A Windows take aiki, ba a waya ba, kuma sai mai ɗan karatu zai gane teburanta. Wanda ke da yaro mai kwamfuta a gida, ya sa shi ya zauna yini guda a kai. Kawu dai har yanzu bai yarda ya rage wa kabeji ko bokiti ɗaya ba.