Primero: manhajar da ke bin sawun yaro daga wannan ƙungiya zuwa waccan

Da wuya a samu yaron da ke cikin matsala wanda ofis ɗaya zai gama masa komai. Ma'aikatar jin daɗin jama'a ce ke da hurumin doka a kansa, asibiti ne zai duba raunin jikinsa, wata ƙungiya ke da masu ba da shawara kan damuwa, wata kuma ita ke da tallafin sana'ar da za a ba uwarsa. Ga makaranta, ga 'yan sanda idan abin ya kai ga laifi. A tsakanin waɗannan ƙofofi ne yara ke ɓacewa: an rubuta takarda an aika, wanda aka aika wa bai gani ba, wanda ya aika kuma ya ɗauka an gama. Duk mai son auna Primero, to da wannan ya kamata ya auna ta, domin kyawun shafi da yawan jadawali ba su ne abin dubawa ba.

Primero manhaja ce ta adana bayanan yara da iyalan da ake taimaka wa. Asusun UNICEF ne ke jagorantarta, tare da ƙungiyoyi irin su International Rescue Committee da Save the Children da Terre des hommes, kuma lambobinta, wato rubutun umarnin da aka gina ta da shi, a buɗe suke ga duk mai son dubawa ko gyarawa. Ta gaji wani tsohon tsari mai suna CPIMS da aka fara a 2005, wanda ke zaune a kan kwamfuta ɗaya ɗaya, sai a riƙa kwasar bayanai da hannu ana haɗawa. An yi amfani da Primero a Saliyo a 2015, lokacin cutar Ebola, sannan a 2020 aka fito da sabon zubi da ake buɗewa ta burauza a waya ko kwamfuta. Sassa uku gare ta: CPIMS+ na kare yara, GBVIMS+ na cin zarafin jinsi, da MRMIMS+ na manyan laifukan da ake yi wa yara a wuraren yaƙi. Na farkon ne abin magana a nan.

An gina shi ne a kan matakai shida da ƙa'idojin haɗin gwiwar ƙungiyoyin kare yara na 2014 suka shimfiɗa: gano yaro da yi masa rajista, tantance halin da yake ciki, tsara abin da za a yi, aiwatarwa, bibiya da sake dubawa, sannan rufe fayil. Kowane mataki da fom ɗinsa. Ma'aikaci ya gama tantancewa ko tsarin aiki sai ya danna neman amincewa, shugabansa ya gani a nasa shafin, ya amince ko ya mayar masa da gyara. Haka ma rufe fayil, ba ya yiwuwa a ɓoye. Shafin farko yana nuna ayyukan da wa'adinsu ya wuce, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, don ƙa'idar ta ce yaron da ke cikin babban haɗari a ɗauki mataki a kansa nan take a kuma duba shi sau biyu a mako, na matsakaicin haɗari a cikin awa 72 sannan duk mako, na ƙaramin haɗari a cikin mako guda. A littafin rajista na takarda, sai shugaba ya zauna ya buɗe shafi shafi kafin ya gane wa aka manta. A nan kuwa da ya shiga zai gani.

Inda manhajar ta fi burge ni shi ne yadda ta raba abubuwa uku da ma'aikata ke yawan cakuɗawa a baki. Akwai ɗora wa ma'aikaci fayil, wanda shugaba ke yi. Akwai turawa, wato a ba wani damar shiga fayil domin ya yi aiki guda, alhali fayil ɗin yana nan a hannun mai shi. Akwai kuma miƙawa gaba ɗaya, inda nauyin yaron ke barin wuyan wannan ya koma wuyan wancan. A ce yarinya ce 'yar shekara tara, malamarta ta lura da tabon duka a bayanta, ƙungiyar farko ta buɗe mata fayil. Tana buƙatar likita. Ma'aikaciyar za ta cike fom ɗin hidima, ta zaɓi irin hidimar, ta zaɓi ƙungiyar da ke yin ta da sunan wanda zai karɓa, ta ƙara ɗan bayani, ta tura. Wancan zai ga saƙon yana jiransa, ya karɓa ko ya ƙi. Idan ya ƙi, mai turawa za ta gani ta nemi wata ƙofa. Idan ya karɓa ya yi aikin, sai ya rubuta abin da ya yi ya danna cewa ya gama, daga nan ƙofar fayil ɗin ta rufe masa. Mai turawa ma tana iya janye damar a kowane lokaci. Duk tsawon wannan zirga-zirga sunan mutum ɗaya ne ke kan fayil ɗin a matsayin mai alhakinsa, saboda haka ba wanda zai ce ai na zaci wane ne ke riƙe da ita.

Idan kuma dangin yarinyar suka ƙaura zuwa yankin da wata ƙungiya ke aiki, a nan ne ake miƙawa. Kuskuren da sababbin ma'aikata ke yi shi ne su miƙa inda ya kamata su tura. Da wancan ya karɓa, fayil ya bar hannunsu, ga shi wanda ya karɓa ma'aikacin lafiya ne kawai, bai san ya zama mai kula da duk lamarin yarinya ba. Maganinsa a saiti yake: kada a ba kowa izinin miƙawa, a bar shi ga shugabanni.

Batun izini ma an yi masa gini mai kyau. Kafin a tura fayil, manhajar tana duba ko an rubuta cewa iyaye, ko yaron da kansa idan ya kai shekarun da za a nemi yardarsa, sun amince a ba wasu bayanansu. In ba a rubuta ba, za ta tsayar da kai. Akwai hanyar tsallake wannan ga wanda aka ba dama, kuma dole ne a samu irinta, don idan mai dukan shi ne uban, ba za a zauna jiran sa hannunsa ba. Matsalar ita ce a inda aka raba damar ga kowa da kowa, tsallakewar sai ta zama al'ada, a daina tambayar iyali kwata-kwata. Yarjejeniyar 'yancin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta ce a Sashe na 12 a saurari ra'ayin yaro, a Sashe na 16 kuma a kiyaye sirrinsa. Akwatin da aka danna a fom ba ya nuna an zauna an yi wa uwa bayani da harshen da take ji. Wannan sai shugaban da ke bin ma'aikatansa ziyara ne zai tabbatar.

Babban raunin tsarin yana wajen abokan aikin da ba su cikinsa, kuma a mafi yawan wurare su ne suka fi yawa. Ƙaramin asibiti, ofishin 'yan sanda, makaranta, kwamitin unguwa na sa kai, da wuya a ce suna da asusun shiga. Ga irin waɗannan, abin da manhajar ke yi shi ne ta fitar maka da takardar turawa ka buga ko ka aika. Daga nan an koma gidan jiya. Ba wanda zai danna karɓa, ba wanda zai danna gamawa, sai ma'aikacin ya ɗaga waya ya kira, ko ya taka da ƙafarsa, ya dawo ya rubuta da hannunsa. Ƙungiyar da ke da nata tsarin na kwamfuta ana iya haɗa ta da Primero, an yi haka a Kambodiya da wata manhaja mai suna OSCaR, amma aiki ne na masu fasaha da ke cin lokaci da kuɗi. Sannan jerin masu hidima da ke fitowa idan za a tura fayil, abin da aka zuba masa shi yake nunawa. Ƙungiya ta rufe shirinta don kuɗin tallafi ya ƙare, ma'aikaci ya bar aiki, amma sunayensu na nan. In ba a naɗa mutum ɗaya da zai riƙa tace jerin duk bayan wata uku ba, za a yi ta tura yara ga wanda ba ya nan.

Saitawa ma ba aikin kwana ɗaya ba ne. Kafin a buɗe fayil ko ɗaya, sai ƙungiyoyin sun amince da fom iri ɗaya, sun rubuta matakan aiki na bai ɗaya, sun tantance haɗarin da ke tattare da riƙe bayanan, sun sa hannu a yarjejeniyar musayar bayanai da ke faɗin wa zai ga me. Wannan zama shi ya fi cin rai. Da yake ana iya ƙara tambayoyi yadda aka ga dama, kowace ƙungiya sai ta kawo na mai ba ta tallafi, fom ya kumbura, ma'aikaci ya shafe ziyarar yana kallon waya maimakon fuskar yaro. Tambayar da amsarta ba za ta canza abin da za a yi wa yaron ba, a cire ta.

Manhajar tana aiki ba intanet, amma da sharaɗi. Sai an zaɓi fayilolin da za a fita da su tun ana da sabis, abin da aka rubuta a waje kuma yana zama ne a kan wayar har a dawo a haɗa. Wayar ta ɓace ko aka goge bayanan burauza kafin nan, aikin ya tafi. Wani abin kuma, mai aiki ba intanet ba ya iya binciken dukan rumbun, don haka yana iya buɗe wa yaro sabon fayil alhali wata ƙungiya ta riga ta buɗe. Bambancin rubuta suna da rashin takardar haihuwa suna ƙara dagula wannan. Ta fuskar tsaro, akwai ɓoye sunan yaro, akwai kalmar sirri a kan abin da aka fitar, akwai kundin da ke rubuta wanda ya buɗe fayil da lokacin da ya buɗe. Amma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido: ma'aikata uku su riƙa shiga da asusu ɗaya don kwamfutar ofis ɗaya ce, shi ke nan kundin ya zama banza.

Sashen neman dangi yana haɗa bayanan iyayen da ke cigiya da na yaran da aka tsinta, ya kawo waɗanda suka yi kama. Zato ne kawai yake bayarwa, tabbatarwa aikin mutum ne. Rahotanni kuma suna fita ba suna, sun isa a kai wa hukuma.

Wa ta dace da shi? Gungun ƙungiyoyi da ma'aikatar gwamnati da ke aiki a kan yara ɗaya, waɗanda tuni suke da ma'aikatan da aka horar. Ƙa'idar ita ce kada ma'aikaci ya riƙe fiye da fayil 25, shugaba ɗaya kuma ya kula da mutum biyar ko shida. Wanda aka jibga wa fayil 80, manhajar za ta nuna masa jerin abin da ya makara ne kawai, ba za ta je masa ziyara ba. Ƙaramar ƙungiya mai ma'aikata biyu da ba ta musayar fayil da kowa, akwatin ƙarfe mai makulli da fom mai lamba maimakon suna sun ishe ta. Manhajar kyauta ce, amma kyautar a lambobinta ta tsaya. Wurin ajiyar bayanai, wayoyi, data, horo da mai kula da tsarin duk sai an yi musu kasafi na kowace shekara. Waɗanda suka yanke shawarar ɗauka, kafin su sa sunan yaro na gaske, su ƙirƙiri fayil uku na gwaji, su tura su ga kowace ƙungiya a jerin, sannan su shiga da asusun kowane matsayi ɗaya bayan ɗaya su duba abin da yake gani. Idan mai raba kayan makaranta yana iya karanta bayanin fyaɗe, a koma kan saiti tukuna.