Motata ta rasa silo bayan sabis, na kai ta wurin mai na'ura

Lafiyarta ƙalau na kai ta, sabis kawai na je yi. Corolla ce ƙirar 2005, 'yar Kwatano, mai injin 1ZZ-FE na lita 1.8, kuma shekara huɗu ke nan tana hannuna ba ta taɓa kwana a hanya ba. A garejin da na saba zuwa nan cikin Kano aka juye baƙin mai, aka canza filtar mai da ta iska da fulogi huɗu. Har na zaro kuɗi zan biya sai ogan ya ce, "Alhaji, bari yaro ya wanke maka bakin totur, ƙurar hunturun nan ta cika shi." Na ce to. Yaro ya kwance shi gaba ɗaya, ya fesa, ya goge, ya mayar.

Ban bar layin ba na ga allurar da ke nuna saurin juyawar injin ta canza hali. Da can in motar ta yi zafi tana silo, wato injin na aiki ba a taka totur ba, allurar tana zama kusa da 700, ba motsi. Ran nan sai ta haye 1,500, ta tsaya can, ta sulalo ƙasa da 600 har sitiyari na rawa, ta sake hawa. In na sa giya sai motar ta yi zillo kamar doki ya ji bulala. A cikin gosulon titin Zariya na kunna esi, ta mutu mus, masu Adaidaita Sahu suka cika ni da ham. Washegari fitilar cek injin ta kama.

Na koma garejin. Ogan ya fara da cewa mai ne marar kyau. Da na ce man da na zo da shi ne a tanki, sai ya koma kan nozul, masu fesa wa injin mai. Daga nan ya ce ko dai totur ɗin ya tashi aiki, in je Kofar Ruwa in samo na Beljiyam, in kuma hakan bai yi ba to biren bos ne, wato kwamfutar motar. Ina tsaye yaronsa ya ɗauko sukundireba yana neman kusar da zai juya ya rage silo. Ba ta nan. Wannan aikin kafireta ne, irin na Fijo 504 ɗin da ake haɗawa a Kaduna, wadda mahaifinmu yake saita silonta da kunne a ƙofar gida. Corollar Amurka ta 2005 irin tawa ko wayar totur ba ta da ita, ɗan ƙaramin inji na lantarki ne ke buɗe faifan da ke tare hanyar iska a bakin totur, kwamfuta ce ke ba shi umarni. Ganin wannan sukundireba ya sa na rufe bonet na ce sai na dawo.

Wani abokin aikina ne ya tura ni wurin wani rewaya mai duba mota da na'ura, kuma a kansa nake wannan sharhi. Shago ne ƙarami, benci ɗaya, babu ko inuwar kirki. Abin da ya fara burge ni shi ne bai taɓa na'urar ba sai da ya titsiye ni da tambaya: me da me aka kwance, an cire kan batir ko ba a cire ba, da sanyi ta fi yi ko da zafi. Sannan ya jona na'urar a soket ɗin nan mai ƙofa 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda duk motar da aka sayar a Amurka tun 1996 take da shi. Lamba ɗaya ta fito, P0171. Ya ce, "Yallaɓai, wannan cewa take iska ta fi mai yawa a cikin injin. Ba ta ce ga wanda ya lalace ba. A nan ne mutane ke asarar kuɗi, su ga lamba su ruga sayen sensa."

Sai ya buɗe wani shafi ya juyo min fuskar na'urar. Akwai adadin da ke nuna yawan man da kwamfuta ke ƙarawa ko ragewa don ta daidaita ƙonewa. A mota mai lafiya yana wasa ne kusa da sifili, in ya wuce kashi 10 an fara zargi. Tawa a silo ta haura kashi 20. Ya ce in taka totur zuwa 2,500 in riƙe. Ina riƙewa adadin ya sauko ƙasa da 5. Ya yi murmushi ya ce ba nozul ba ne, ba famfon mai ba ne, domin da mai ne ba ya isa, da ƙara takawa ƙara muni. Iska ce ke satar hanya ta bayan faifan totur. Sensar da ke bayan filtar iska tana auna duk iskar da ta bi ta ƙofa, kwamfuta kuma ta ba da mai daidai da ita. Wadda ta shigo ta katanga ba a lissafa da ita ba. A silo faifan kusan a rufe yake, injin na zuƙa da ƙarfi, don haka ɗan tsagu ma babban abu ne. In an buɗe totur sai ɓarauniyar iskar ta ɓace cikin mai yawa.

Ya duba zafin ruwa kuma, ya ga ya kai digiri 88. Dalilinsa shi ne da yawa daga motocinmu an cire musu tamostat da sunan wai ƙasarmu da zafi, alhali na wannan injin sai wajen digiri 82 yake buɗewa. In babu shi injin ba ya ɗumi da wuri, kwamfuta ta ci gaba da riƙe silo a sama tana zaton safiya ce. Nawa yana nan, aka wuce wurin.

Neman tsagun ne bai min daɗi ba. Ba shi da injin hayaƙin da ake hura wa bututun iska a ga inda yake fita, sai ya ɗauko gwangwanin wankin kafireta yana fesawa kaɗan-kaɗan a kan tiyo-tiyo, injin na aiki. Abu ne mai kama wuta, kuma ban ga abin kashe gobara a shagon ba. Na ja da baya. Yana fesawa gefen totur sai muryar injin ta canza. Tiyon PCV ne, wanda ke ɗauko tururin cikin injin daga murfin sama ya mai da shi bututun iska. Robar ta bushe da shekaru, da yaro ya fizge ta wajen kwance totur sai ta tsage ta ƙasa, inda ido ba ya gani. Ya kuma kwance totur ɗin ya tarar tsohon gaskit aka mayar, ya lanƙwashe a gefe guda. Ya aiki yaronsa ya sayo duka biyun.

Bayan an ɗaura, rawar ta tafi amma allura ta tsaya wajen 1,000. Na ce, "Injiniya, ai da saura." Ya ce kwamfutar ta shekara tana buɗe faifan fiye da ƙa'ida saboda dattin da ya toshe gefensa, yanzu an wanke amma ita tana nan kan tsohon karatu. Ya goge lambar da abin da ta haddace, ya kashe esi da fitilu da rediyo, ya bar ta tana silo har fankar lagireto ta tashi, ya ƙara mata kamar minti 10. Muka zaga unguwa muna tsayawa muna tashi. Kafin mu dawo ta zauna a 750, bayan kwana biyu ta koma gurbinta na da.

Kuɗin dubawar ya ninka na tiyo da gaskit ɗin, kuma ba ya ragi ko sisi. Na jira sama da awa kafin layi ya zo kaina, a rana. Duk da haka bai kai kwatan abin da aka yanka min na totur ɗin Beljiyam ba, wanda da na saya da tsagaggen tiyon nan za a sake jona masa. Zan koma wurinsa, amma zan tafi da abin kashe gobarar da ke but ɗina a hannu.

Mako uku ke nan fitilar ba ta dawo ba. Da asuba takan tashi sama da 1,000 na 'yan mintuna sannan ta sauko, wanda dama haka take tun ranar da na saye ta. Tsohon tiyon na kai wa ogan garejina. Ya jujjuya shi, ya lanƙwasa har tsagun ya buɗe baki, ya ƙwala wa yaron kira.