Yadda Ake Karanta Alƙaluman Daidaiton Lokaci Kafin Sayen Na'urar GPS

Ma'aikatan gidajen rediyo da masu kula da sabar intanet a Garwa, Marwa da Injamena sukan sayi na'urar GPS ne saboda bugun da take fitarwa sau ɗaya a kowace daƙiƙa, wato PPS, wanda ake daidaita agogo da shi. Ana auna kuskuren bugun da nanosakan, kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa, amma lambar da kamfani ya rubuta ba ta da amfani sai an san ma'aunin da ya bi.

Takardar bayanan na'urar NEO-M8N ta kamfanin u-blox ta kawo lambobi biyu: nanosakan 30 a ma'aunin RMS, da nanosakan 60 a kashi 99 cikin ɗari. Na'ura ɗaya suke siffantawa. Ta farko matsakaicin kaucewar bugun ce, ta biyu kuwa iyakar da bugu 99 cikin 100 ba sa ƙetarewa. Ita kuma ZED-F9T an rubuta mata nanosakan 5 a sigma ɗaya, wanda ke nufin kusan bugu 68 cikin 100, kuma da sharaɗin eriya na kallon sararin sama babu abin da ya tare ta. Duk wanda ya gwada RMS ɗin wata da kashi 99 na wata, to zai yi zaɓen tumun dare.

Inda na fi so mai saye ya sa ido shi ne wayar eriya, domin takarda ba ta lissafa ta. Wayar RG-58 tana jinkirta saƙo kusan nanosakan 5 a kowace mita, saboda haka mita 20 daga rufin ɗaki zuwa teburin aiki sun kai nanosakan 100, fiye da duk bambancin da ke tsakanin na'urorin nan biyu. Wannan jinkiri ba ya canzawa, don haka a zaɓi na'urar da ke ba da damar shigar da shi a cikin saiti, wadda kuma ke iya auna mazauninta ta riƙe shi, ta daina sake lissafa shi.

Yankinmu yana kusa da layin tsakiya na maganaɗisun duniya, inda saman iska yakan hargitse bayan magariba. A nan ne na'urar da ke karɓar saƙon tauraron ɗan'adam a zango biyu ta fi mai zango ɗaya, wato L1, kaɗai, domin tana iya cire mafi yawan jinkirin da saman iskar ke jawowa. Gidan watsa shirye-shiryen da ke daidaita tashoshi da yawa ya dace ya biya kuɗinta, ya kuma nemi agogon OCXO, wato agogon da ake riƙe zafin cikinsa daidai, da zai riƙe lokaci idan saƙo ya yanke, musamman a zafin Afrilu da ke haura digiri 40.

Sabar NTP ta ofis, wato kwamfutar da ke raba wa sauran kwamfutoci lokaci, ba ta buƙatar wannan kashe kuɗi. Mai nanosakan 30 ta wadatar. Sai dai kada a bi da bugun ta USB, wadda ke ƙara kuskuren da zai iya kai milisakan guda. A haɗa shi kai tsaye da ƙafar GPIO, wato ƙafar karɓar saƙo da ke jikin allon kwamfuta, ko mashigar siriyal.