Bolex H16: kyamarar da ba ruwanta da batir

Duk wanda ya saba danna waya ya ɗauki bidiyo na awa guda, zai sha mamaki ranar da ya riƙe Bolex H16. Kamfanin Paillard na ƙasar Suwizalan ne ya fito da ita a 1935, tana cin fim mai faɗin milimita 16, wanda Kodak ya kawo wa masu ɗaukar hoton gida tun 1923. Tawa tsohuwar hannu ce, daga cikin samfurin Reflex, wato wanda ake leƙawa ta cikin gilashin da ke ɗaukar hoton, da aka fara yi a 1956.

Wani ake yi mata, kamar agogo. A gefe akwai hannu da kake juyawa har sifirin ɗin ciki ya ɗaure tam, kana jin yana ƙara tauri a tafin hannunka. Wani ɗaya yana ba ka kusan sakan 28 idan tana ɗaukar hoto 24 a sakan, daga nan sai ta tsaya cak. Da farko na ga kamar takura ce, amma ita ta koya mini in tsaya in duba abin da zan ɗauka kafin in danna. Naɗin fim na ƙafa 100 ma bai cika minti uku ba, don haka babu wajen ɓarna.

Abin da ya fi burge ni shi ne 'yar na'urar daidaita gudu da ke ciki, wadda ake kira gwamna. Sifirin yana raguwar ƙarfi yayin da yake warwarewa, amma gwamna ke riƙe gudun ya daidaita. Buɗe murfin, ka kunna ta ba fim, ka ga yadda wata 'yar ƙugiya ke motsin shiga hudar gefen fim, ta ja ƙasa, ta saki, ta koma sama, marufi mai juyawa kuma yana tare haske daidai lokacin da fim ke motsi. Ƙararta sak ta keken ɗinki. Wannan ƙara ce ma ta sa ba ta dace da ɗaukar hira ba, ga shi dama ba ta naɗar murya.

A gaba akwai faifai mai ɗauke da gilashi uku, na nesa, na kusa da na tsakiya, ka juya da yatsa ka ji ya faɗa mazauninsa ƙwas. Sai dai wajen leƙawar yana da ɗan duhu, domin wani kaso kaɗan na haske ne ake karkato wa ido. Da yamma, daidaita hoto sai da ƙwaƙƙwaran ido.

Tana da nauyi, kafaɗa za ta gaya maka. Kuma mai niyyar saye ya saurari gudunta da kyau: tawa man cikinta ya bushe saboda daɗewa a ajiye, tana jan ƙafa, sai da mai gyara ya wanke giyoyin ya sa sabon mai kafin ta koma daidai. Sifirin kuwa, kada a ajiye ta da shi a ɗaure. A bar ta ta warware tukuna.